Tambaya da Amsa: Ƙaramin Ɗan Kasuwa da Ƙaurace wa Kaya Saboda Falasɗinawa

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowar duka daga Jos suka zo, kuma duka sun shafi yadda masu ƙananan sana'o'i za su yi da kiran da ake yi na ƙaurace wa kayan wasu kamfanoni domin nuna goyon baya ga Falasɗinawa. Mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon tireda a wajen Dilimi, kuma lemon kwalba da na roba suna cikin abin da ya fi kawo mini ciniki. Tun da yaƙin Gaza ya ɓarke wasu matasan unguwa suke zuwa suna cewa in daina sayar da Coca-Cola da Pepsi, har wani ya ce mini duk kwalbar da na sayar harsashi na saya wa Isra'ila. Allah ne shaida zuciyata tana tare da Falasɗinawa, to amma kayan da ke shagon bashi na karɓo a wurin dila, firjin da nake sanyaya su na kamfani ne, kuma akwai yara biyu da ke cin abinci a ƙarƙashina. In zubar da kayan ne, ko in mayar, ko in ci gaba? Idan na ci gaba, ina da laifi a wurin Allah? Daga mai tireda, Dilimi.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka zubar da ko kwalba ɗaya, kuma kada ka riƙe wa dila ko sisin kwabo. Kayan da ke shagonka kamfani ya riga ya karɓi kuɗinsu ko ya rubuta su a kan dila, saboda haka idan ka tuttular da su a kwata babu abin da ya ragu a aljihun kowa a Atlanta, hedikwatar Coca-Cola, ko a Tel Aviv, kai ne ka yi asarar jarinka, ko kuma dilan da ya yarda da kai ya ba ka kaya ba tare da ka biya ba. Wannan shi ne Bahaushe yake kira haushin kaza huce a kan dami. Bashi amana ne, kuma zaluncin da ake yi wa mutanen Gaza bai sauke maka haƙƙin mutumin da ke Jos ba.

Maganar da matashin nan ya faɗa maka ta harsashi ba daidai ba ce, amma kuma ba zan ce maka babu wata alaƙa ko kaɗan ba, domin gaskiyar tana tsakanin biyun, kuma ya kamata ka san ta. Coca-Cola da kake sayarwa Nigerian Bottling Company ne yake ɗura ta a nan ƙasar, kamfanin da aka kafa tun 1951, wanda yanzu yake ƙarƙashin Coca-Cola HBC. Pepsi kuwa Seven-Up Bottling Company ne yake yin ta, wanda iyalan wani ɗan kasuwa ɗan asalin Lebanon suka kafa, ya kuma fara aiki a 1960. Kuɗin da mai saye ya miƙo maka yana rarrabuwa ne zuwa ribarka da ta dila, da kuɗin sukari da kwalba da man dizal, da albashin ma'aikata 'yan Najeriya, da harajin gwamnati, sannan wani kaso ya tafi ga uwar kamfanin a Amurka a matsayin kuɗin sinadarin da ake haɗa lemon da shi da kuma haƙƙin amfani da suna. Abin da masu kiran ƙauracewa suke tuhumar Coca-Cola da shi kuwa shi ne, kamfanin da ke da lasisin ɗura lemonta a Isra'ila yana da cibiya a yankin masana'antu na Atarot, wanda aka gina a ƙasar Falasɗinawa da aka mamaye a wajen Ƙudus. PepsiCo kuma ta sayi kamfanin Isra'ila mai suna SodaStream a 2018 a kan dala biliyan 3.2. Akwai kuma abin da ba kasafai ake ambata ba, wato akwai kamfanin Falasɗinawa da shi ma yake ɗura Coca-Cola a Gaɓar Yamma, har ya buɗe masana'anta a Gaza a 2016. Ba na kawo wannan don in wanke kowa ba, na kawo shi ne don ka ga cewa al'amarin ya fi ƙarfin a taƙaita shi a kan kwalba da harsashi.

Ƙauracewa dai makami ne na matsin lamba, kuma kowane makami yana da inda ake saita shi. Ƙungiyoyin fararen hula na Falasɗinawa fiye da 170 ne suka fitar da kiran da aka fi sani da BDS, wato na ƙauracewa da janye jari da sanya takunkumi, a watan Yulin 2005, suna neman a kawo ƙarshen mamaya, a ba Larabawan da ke cikin Isra'ila cikakken 'yanci daidai da kowa, a kuma bar 'yan gudun hijira su koma gidajensu. Tun farko masu wannan kira sun zaɓi su taƙaita jerin kamfanonin da za a sa a gaba, saboda sun lura cewa idan aka ce a ƙaurace wa komai, ƙarshenta ba a ƙaurace wa komai ba, mutane kan gaji su watsar. Coca-Cola ma sai a ƙarshen 2024 suka sanya ta cikin jerin da suka fi ba muhimmanci. Hanyar da abin yake aiki kuwa ita ce, idan masu saye da yawa a ƙasashe da yawa suka janye hannu a lokaci ɗaya, ciniki ya faɗi, masu hannun jari suka fara tambaya, sai kamfani ya ga cewa abin da yake samu a wancan wuri bai kai abin da yake rasawa a sauran duniya ba. An ga haka a kan McDonald's, bayan mai riƙe da lasisinta a Isra'ila ya raba wa sojoji abinci kyauta a Oktoban 2023. Shugaban kamfanin da kansa ya amsa cewa ciniki ya taɓu a Gabas ta Tsakiya da wasu ƙasashen Musulmi, kuma a Afrilun 2024 kamfanin ya sanar da cewa zai sayi gidajen abinci 225 da ke hannun mutumin. Amma an kuma ga ɗaya fuskar, domin a watan Maris na 2024 kamfanin Alshaya na Kuwait, mai gudanar da shagunan Starbucks a yankin, ya sallami ma'aikata kimanin 2,000, waɗanda ba su da hannu a komai. Duk wanda yake kiran ƙauracewa da gaskiya dole ya riƙa tuna waɗannan mutane, ko da ya yanke cewa amfanin ya rinjayi cutarwar.

Mu a Najeriya ba baƙi ba ne a wannan fage. A zamanin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ƙasar nan ta janye daga wasannin Olamfik na Montreal a 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta umarci hukumominta su kwashe kuɗinsu daga bankin Barclays a 1978, sannan ta ƙwace kadarorin kamfanin mai na BP a 1979, ma'aikatan gwamnati da ɗalibai kuma suka riƙa ba da gudummawa ga asusun tallafa wa mutanen kudancin Afirka. Abin lura a nan shi ne, manyan da ke da ƙarfin ɗauka su aka ɗora wa babban nauyin, talaka kuma ya ba da abin da zai iya. Ban san dalilin da zai sa a yau a juya tsarin ba, a bar masu manyan otal da manyan kantuna da masu shigo da kaya, a zo a tsare mai tireda a Dilimi.

Game da hukunci a addini, asalin ciniki halal ne da Musulmi da wanda ba Musulmi ba, matuƙar abin da ake sayarwa halal ne. Ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya rasu sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓo wa iyalinsa. Haka kuma ya tabbata cewa Sumamatu ɗan Usal, shugaban mutanen Yamama, da ya musulunta ya rantse wa Ƙuraishawa cewa ko ƙwayar alkama ɗaya ba za ta sake zuwa musu daga ƙasarsa ba sai da izinin Annabi, kuma ba a hana shi ba. Malamai da yawa na wannan zamani suna kafa hujja da wannan ƙissa wajen ƙarfafa ƙauracewa, kuma hujja ce mai ƙarfi. Sai dai marubuta tarihin Annabi sun kawo ƙarashenta, cewa da yunwa ta tsananta a Makka, mutanenta suka roƙi Annabi saboda zumunci, sai ya aika wa Sumamatu ya sake musu hanyar abinci. Abin da na fahimta daga haɗa waɗannan shi ne, ƙauracewa hanya ce da ake auna amfaninta da cutarwarta, ba rukunin imani ba ce da za a riƙa gwada Musuluncin mutum da ita. Malamai sun saɓa a kan ko wajibi ce ko abin so, kuma ya dace ka zauna da malamin da ka amince da iliminsa ka faɗa masa halinka dalla-dalla. Ra'ayina dai shi ne, wanda ya bar sayar da wani abu domin tausayin waɗanda ake zalunta yana da ladan niyyarsa, wanda kuma ya ci gaba da sayar da lemon halal domin ya biya bashi ya ciyar da iyali, babu wanda yake da ikon kiransa munafuki.

Idan zuciyarka ta fi natsuwa da ka daina, to ka daina cikin tsari. Ka sayar da abin da ke ƙasa, ka biya dila kuɗinsa cif, ka mayar masa da kiret-kiret da kwalaben da ke hannunka, ka kuma sanar da shi da wuri cewa za ka rage sari, domin shi ma yana da lissafinsa da kamfani. Firjin nan kuma ka duba sharaɗin da aka ba ka shi a kai, domin galibi kamfanoni kan ba da shi ne don a sanya kayansu kaɗai. Idan haka ne, ba daidai ba ne ka daina sayar da kayansu sannan ka cika firjinsu da lemon wani kamfani, wannan cin amana ne ko da an yi shi da sunan Falasɗinu, sai dai ka kira su su ɗauki abinsu, ka fara tara kuɗin naka. Sa'annan ka gwada madadi a hankali kafin ka yanke, ka kawo Bigi na kamfanin Rite Foods da sauran lemukan da 'yan ƙasa ke yi, ka karɓi zoɓo da kunun aya daga matan unguwa masu tsafta, ka ga yadda kasuwa za ta karɓa. Ka kuma san abin da kake canzawa da shi, domin wanda ya bar Coke ya koma Fanta ko Sprite ko ruwan Eva bai fita daga gidan ba, haka ma wanda ya bar Pepsi ya koma Mirinda ko Aquafina. Yaran nan biyu kuwa kada a rage musu ko naira ɗaya saboda shawarar da kai ka yanke, idan akwai asarar da za a ɗauka a sauyin, mai shago ne ya kamata ya ɗauka, tunda shi ne mai neman ladan.

Idan kuma ka lissafa ka ga shagon ba zai tsaya ba sai da wannan kaya, ka ci gaba, ka ware wani abu daga riba ka riƙa aikawa ta hanyar da aka tabbatar da ita. Matasan nan kuma ka karɓe su da fuska, domin abin da ya motsa su abu ne na gaske. Harin 7 ga Oktoban 2023 ya kashe kimanin mutum 1,200 a Isra'ila, yaƙin da ya biyo baya kuma, bisa ƙididdigar ma'aikatar lafiya ta Gaza, ya kashe fiye da mutum 60,000 kafin ƙarshen Yulin 2025, mata da yara masu yawa a cikinsu, kuma duk mai zuciya dole ya ji zafin wannan. Amma ka nuna musu cewa mai saye ya fi mai sayarwa 'yanci a wannan magana, domin shi babu bashi a kansa kuma babu haya. Idan su da gidajensu da masu bukukuwan aure da suna na unguwa suka daina nema, ba sai an roƙe ka ba, da kanka za ka daina saro abin da zai yi maka kwantai.

TAMBAYA: Malam, ni ina yin zoɓo da kunun aya a Unguwar Rogo, ina kai wa shaguna da ɗaliban jami'a. Alhamdu lillahi tun da mutane suka fara gudun lemon kamfani ciniki ya ƙaru. Ina so in buga takarda mai tutar Falasɗinu in manna a jikin robobin, in rubuta cewa wani ɓangare na ribar zai tafi Gaza, sannan in ɗan ƙara kuɗi. Akwai aibu a ciki? Daga wata mai sana'a, Unguwar Rogo.

AMSA: Hajiya, Allah Ya ƙara albarka. Babu laifi mutum ya samu kasuwa saboda mutane sun juya wa wani kaya baya. A Masar ma wani tsohon kamfanin lemo mai suna Spiro Spathis, wanda yake aiki tun 1920 amma manyan kamfanonin waje suka danne shi, ya farfaɗo ne a ƙarshen 2023 ta wannan hanyar. Inda ake samun matsala shi ne a mayar da tausayin mutane abin tatsa. Idan aya da sukari da citta da kanumfari da kuɗin ƙanƙara ne suka tashi, ki ƙara kuɗi daidai da tashinsu, babu mai zarginki. Idan kuwa dalilin ƙarin shi ne kin san mai saye ya ɗaure kansa ba zai sha na kamfani ba, don haka ba shi da mafita sai ke, to kin ci ribar imaninsa, kuma ba na ba ki shawarar haka.

Maganar rubuta cewa wani ɓangare na riba zai tafi Gaza ita ce ta fi nauyi, domin daga ranar da kika manna takardar, alkawari ne kika ɗauka da duk wanda ya saya, kuma wannan kason ya daina zama naki. Kalmar "wani ɓangare" ba ta da iyaka, naira ɗaya ma ɓangare ce, saboda haka idan za ki yi, ki faɗi adadi a fili, misali naira kaza a kan kowace roba, ki riƙa rubuta abin da aka sayar, ki ware kuɗin daban kada su cakuɗu da uwar kuɗi, ki kuma san tun yanzu ta wace hanya za su isa. Akwai hukumomin da aka sani suna aiki a can, kamar hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijirar Falasɗinawa, wato UNRWA, wadda aka kafa tun 1949, da ƙungiyar agaji ta Red Crescent ta Falasɗinu. Ki guji tura kuɗi zuwa lambar asusun da kika gani a WhatsApp ko Facebook ba tare da kin san mai ita ba, domin 'yan damfara suna bin duk inda hawaye suke, sannan kuma dokar ƙasa tana da tsauri a kan tura kuɗi waje zuwa hannun da ba a tantance ba. Ki kuma sani cewa dokar kare masu sayen kaya ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta hana yin tallan da ke yaudarar mai saye, kuma alkawarin sadakar da ba a cika ba yana iya shiga ciki.

Ni dai da za ki bi tawa, da kin bar tutar, kin yi sadakarki tsakaninki da Ubangijinki, kin zuba ƙarfinki a kan ingancin abin sha. Wanda ya zo wurinki saboda fushi da wani kamfani, fushin zai huce wata rana, ɗanɗano da tsafta ne kaɗai za su riƙe shi. Ki kula da ruwan da kike amfani da shi, ki daina tsintar tsofaffin robobin da ba ki san inda suka fito ba idan kina yi, ki sayi sababbi masu murfin da ba a taɓa buɗewa ba. Kunun aya ba ya jure zafi, yakan yi tsami cikin ɗan lokaci idan babu sanyi, don haka kada yawan oda ya sa ki sayar da na jiya a matsayin na yau, ko ki tsinka shi da ruwa, ko ki sa sakarin ki ce sukari ne. Kin san hadisin mai abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa ya baje busasshen a sama, da abin da Annabi ya faɗa masa game da algus. Tunda kuma kin kai matsayin buga takarda da kai kaya shaguna, lokaci ya yi da za ki je ofishin NAFDAC ki tambayi yadda ake yi wa ƙananan masu sana'a rajista.

TAMBAYA: Malam, a wani zauren WhatsApp na unguwarmu an turo cewa duk kayan da lambar jikinsa ta fara da 729 na Isra'ila ne, an kuma ce a yi hattara da dabino lokacin azumi. Sannan wani ya sa sunan shagon wani maƙwabcinmu Kirista, ya ce a daina saye a wurinsa saboda ya je ziyarar ibada Isra'ila. Ni abin bai kwanta mini ba. Daga wani ɗalibi, titin Bauchi.

AMSA: Ɗana, zuciyarka ta gaya maka gaskiya, amma bari in fara da masu sauƙin. Lambar 729 ta ofishin rajistar lambobin kaya na Isra'ila ce, kamar yadda 615 take ta Najeriya. Sai dai lambar tana nuna inda kamfani ya yi rajista ne, ba lallai inda aka yi kayan ba, saboda haka kayan da aka yi a can suna iya zuwa da wata lamba idan wani kamfanin waje ne ya zuba su a kwalinsa. Rubutun da ke nuna ƙasar da aka yi kaya da sunan kamfanin sun fi lambar amfani. Dabino kuwa, gaskiya ne Isra'ila tana cikin manyan masu fitar da nau'in Majhul, wanda Turawa ke kira Medjool, kuma ana noma mai yawa daga cikinsa a matsugunan da aka kafa a kwarin Kogin Urdun da ke ƙarƙashin mamaya. Amma irin wannan a kwali yake zuwa, a manyan kantuna, da tsada. Dabinon da ake aunawa a mudu a kasuwanninmu galibi daga Nijar da Aljeriya da maƙwabtansu yake shigowa, wani kuma daga Jigawa, don haka babu dalilin da zai sa a kashe wa mai tallan dabino a baro kasuwa. Irin waɗannan jerin sunaye sau da yawa kwafo su ake yi daga Masar ko Malesiya, shi ya sa za ka ga McDonald's da Starbucks a samansu alhali ba su da ko shago ɗaya a Najeriya. Suna kuma tsufa ba a sabunta su ba, misali kamfanin Chi mai yin Chivita da Hollandia ya koma hannun Coca-Cola gaba ɗaya a 2019, amma a 2025 aka sanar da sayar da shi ga UAC, kamfanin Najeriya da mutanen Filato suka sani ta hanyar Grand Cereals da ruwan Swan. Magani kuma a cire shi daga wannan lissafi baki ɗaya, kada mai ciwon suga ko hawan jini ya daina shan abin da likita ya rubuta masa saboda saƙon waya.

Maganar maƙwabcinku ita ce mai haɗari, kuma ina roƙonka ka tashi tsaye a kanta. Mutumin da ya je ya ga wuraren da addininsa ke girmamawa a Ƙudus da Baitalami bai zama sojan Isra'ila ba, kuma shagonsa ba kamfanin da ke gini a ƙasar da aka ƙwace ba ne. Masu kiran BDS da kansu sun bayyana cewa abin da suke duba shi ne hannun da kamfani ko hukuma ke da shi a zalunci, ba addinin mutum ko ƙabilarsa ba. Wanda ya sa sunan shagon nan ko dai bai sani ba ne, ko kuma yana da wata tsohuwar gaba da yake son ya lulluɓe da tutar Falasɗinu, kuma kada mu yi mamaki idan shi ma irin kayan yake sayarwa.

Ya kamata a riƙa tunawa cewa a cikin Falasɗinawa akwai Kiristoci, kuma bom bai tambaye su addini ba. A ranar 19 ga Oktoban 2023 harin Isra'ila ya faɗa harabar cocin Saint Porphyrius da ke birnin Gaza, ɗaya daga cikin tsofaffin majami'un duniya, inda Kiristoci da Musulmi suka fake tare, ya kashe mutum 18. Tun a 2009 ma wasu shugabannin Kiristocin Falasɗinu suka fitar da sanarwar da aka sani da Kairos, inda suka nemi majami'un duniya su mara wa matsin lamba na lumana baya, har da ƙauracewa. Kotun Duniya da ke Hague, wadda ta bayyana a ranar 19 ga Yulin 2024 cewa ci gaba da mamayar yankunan Falasɗinawa ya saɓa wa doka, ba kotun Musulunci ba ce, kuma ƙasar da ta kai ƙarar Isra'ila a kan Gaza a Disambar 2023, wato Afirka ta Kudu, mafi yawan mutanenta Kiristoci ne. Mai son Falasɗinawa da gaske ƙoƙari zai yi ya jawo maƙwabcinsa Kirista cikin maganar, ba ya kore shi daga gare ta ba.

Mu mutanen Jos kuma mun san abin da ke biyo bayan "kada a saya a wurin su wane". Mun gani bayan rikicin Satumbar 2001, da na 2008, da na 2010, yadda unguwanni suka rabu, mutane suka riƙa tsoron shiga kasuwar da ba ta ɓangarensu ba, kuma babbar kasuwar Terminus da ta ƙone a 2002 har yau ba ta koma yadda take ba. An ɗauki shekaru kafin ciniki ya sake haɗa mutane, kuma har gobe manomin dankali daga Bokkos ko Mangu da dillalin kayan gwari na Farin Gada kowanensu yana buƙatar ɗan'uwansa. Idan wannan ɓangare ya fitar da jerin shagunan da ba za a shiga ba, gobe ɗaya ɓangaren zai fitar da nasa, kuma mahauci da mai shayi da mai gyaran waya su ne za su fara ji a jikinsu.

Ka sami mai kula da zauren a keɓe, cikin ladabi, ka nemi ya goge saƙon, ya kuma kafa ƙa'idar cewa ba za a sake sa sunan shagon wani mutum ba. Ka tuna masa cewa yaɗa zargin da zai karya kasuwar mutum yana iya kai wanda ya rubuta da wanda ya tura gaban kotu a kan ɓata suna. Idan ya ƙi ji, ka kai maganar wurin liman ko mai unguwa kafin ta fita daga zauren, kai kuma ka ci gaba da sayen abin da ka saba saye a shagon.